Na Gefen Hoto

Bayan isha'i, a tsakar gidanmu na Mabera,
zafi ya koro mu waje, mu da talabijin.
Kawu Jelani ya jawo kujerarsa ta roba
ya juyo da kunnen hagu,
don na dama ya baro shi
a wata ƙasa da ruwan sama ba ya ɗaukewa.

Wasan yaƙi ne, kashi na goma sha ɗaya.
Jarumin ya diro daga mota mai cin wuta,
ya mirgina, ya miƙe, hularsa ko gocewa ba ta yi ba.
Harsasai na kauce masa
kamar surukai masu jin nauyinsa.
Yara suka ɗauki sowa.

Kawu ya ce, "Ku diba takalmanai.
Wanga yaro bai taɓa kwana cikin ruwa ba."

Shi abin da ya riƙe daga can, ƙafa ce:
wata huɗu cikin safa ɗaya,
fatar yatsu ta yi fari tana saɓulewa
kamar ɓawon dafaffen rogo.
Sai sauro, sai kwarkwata a ɗinkin wando,
sai jira.
"Yaƙi jira na," in ji shi.
"Jiran abinci, jiran mota, jiran oda,
sannan minti ukku da ba ka san mi af faru ba,
sannan a ƙirga ku."

A talabijin an harbi abokin jarumi a ƙirji.
Mutuwa ta yi masa kara, kiɗa ya sassauta,
ya ambaci uwa, ya ambaci ƙasa,
ya miƙa zobe, ya rufe ido da kansa.
Inna Hajo ta share hawaye da bakin zane.

Kawu bai tanka ba
sai da aka sako tallar sabulu.
"Arzika, mutumen Kware, gishiri shika biɗa.
Yac ce, Jelani, kana da gi...
Nan maganar tat tsaya.
Cokali na hannunai, shinkafar ko zubewa ba ta yi ba."
Ya daɗe yana kallon matar da ke wanki tana murmushi.
"Ni nic canye ta. Yunwa nika ji."

Na sha ganin an tashi gari guda da bom a akwatin nan
Kawu na sakace haƙori.
Amma ranar da tayar tirela ta fashe a Dandima
na same shi kwance a kwalbati,
dattijo mai jika tara,
yana kiran sunayen da ba mu sani ba.
Wannan ba a sa shi a wasa.
Ba a sa layin fansho,
da takardar sallama da ta yi laushi kamar tsumma,
da yaron ofis mai cewa, Baba, a dawo Talata.

Na ce, "Kawu, ashe duk ƙarya ce?"
Ya ɗaga hannu, na yi shiru.
Kwamanda na tsaye yana ta zuba jawabi,
sai ya nuna can gefen hoto, inda haske bai kai ba:
wani marar suna zaune a kan akwati,
ya kwance igiyar takalmi ɗaya,
yana kallon ba ko'ina ba.
"Wancan," in ji Kawu.
"Ko dai ya yi soja, ko ko ya gaji da gaske."
Kyamara ta wuce shi. Bai sake fitowa ba.

Aka ɗauke wuta kafin a ci yaƙin.
Yara suka watse suna harbin juna da karan dawa,
wanda ya mutu ya tashi ya rama.

Da safe na ɗauki rigarsa zan wanke.
A aljihun gaba, kamar kullum,
ƙullin gishiri a farar leda.
Na ajiye masa a bakin taga
don kada ya jiƙe.